Tsofaffin Tasawa da Mayahi da Ilmin da Ya Tsaya a Ibadan

A zaurukan malamanmu na dā, in an so a auna girman malami, ba a ƙidayar littattafan da ke jibge a ɗakinsa, sai dai a tambayi su wa suka durƙusa a gabansa, da kuma garuruwan da almajiransa suka kai abin da suka ɗauko. A jami'o'in zamani kuwa ma'auni ya sāke, domin can ana duban yawan maƙalolin da mutum ya buga, da darajar mujallun da suka karɓe su, da sau nawa waɗansu masana suka kafa hujja da shi a cikin nasu rubutun. In da ma'auni na biyu za a bi, to, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, likitan ƙwaƙwalwa wanda ya daɗe yana bahasi a kan lafiyar hankalin tsofaffi, yana cikin sahun farko a Afirka duka, ba mai musun wannan. Amma da yake mu 'ya'yan zaure ne, ya halatta mu gwada shi da ma'auni na farko, mu tambaya ko abin da ya gano ya ƙetaro iyaka ya iso ga dattijon da ke kwance a inuwar bedi a wani ƙauyen Tasawa, ko ga tsohuwar da ke saƙar tabarmar kaba a ƙasar Mayahi.

Tasawa tsohon gari ne daga cikin garuruwan ƙasar Katsina ta dā, wanda Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka a cikinsa a farkon 1851, yau kuma yana bisa babbar kwaltar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram. Mayahi tana arewa maso yamma da shi, a bakin Gulbin Kaba, ƙasar jigawa da goriba, inda gero da wake da gyaɗa su ne abin dogaro. A ƙidayar da aka yi a Nijar a 2012, kowanne daga cikin yankunan nan biyu ya haura mutum rabin miliyan. Binciken lafiyar iyali na wannan shekara ya nuna cewa mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 bisa matsakaicin lissafi, a jihar Maraɗi kuwa 8.4, abin da ya sa kusan rabin jama'ar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, alhali waɗanda suka kai 65 ba su cika uku cikin ɗari ba. Ƙasar da siffarta ke nan, dole hankalin hukuma da na masu agaji ya karkata ga mai ciki da mai goyo da yaro, kuma haka aka yi: ɗakunan shan magani na ƙauye da aka shiga ginawa daga 2001 a zamanin Tandja Mamadou, da dokokin magani kyauta na 2005 da 2006 waɗanda suka ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da kuɗin fiɗar haihuwa, da cibiyoyin tamowa da suka bazu bayan yunwar 2005, duk fuska ɗaya suka dosa. Ba na zargin kowa a kan wannan, gama wanda ya taɓa ganin yaro mai tamowa a watan bakwai ba zai yi gardama da abin da aka fifita ba. Sai dai in aka bi wancan ɗan kaso aka yi lissafi, tsofaffin yankunan nan biyu sun haura 20,000, watau jama'ar gari sukutum, kuma dokokin kyautar nan ba su ambace su ba.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da waɗannan mutane suka gani da idonsu. Wanda yake da shekara 70 a yau, yana saurayi aka yi farin 1973 da 1974 wanda ya karya noman gyaɗa, yana magidanci aka yi yunwar 1984 wadda mutanen ƙasar nan suka sa wa suna El Buhari, ya kuma ga ta 2005 da ta 2010 yana da jikoki. Da wuya ka sami ɗaya a cikinsu, musamman mata, wanda bai binne ɗa ko 'ya ba. Bayan wannan kuma, tsarin da ya kamata ya tallabe shi a ƙarshen rayuwa ya sukurkuce a gabansa. A dā gandu shi ne ajiyar tsoho: 'ya'ya da ƙanne suna noma gonar gida tare, mai gida yana riƙe da mabuɗin rumbu, kowa kuma yana da 'yar gamanarsa da yake nomawa a ranakun da aka bar masa. Claude Raynaut, masanin Faransa wanda ya jagoranci ayarin Jami'ar Bordo da suka yi nazarin jihar Maraɗi a ƙarshen shekarun 1970, har da ƙauyen Sarkin Hausa na ƙasar Mayahi, ya bayyana yadda haraji da buƙatar kuɗi da ƙarancin fili suka riƙa farfasa gandu, kowane magidanci yana ware nasa, gona ta zama abin sayarwa da jingina. Wajen shekara ta 2000 Michael Mortimore da Boubacar Yamba da abokan aikinsu suka komo waɗannan ƙauyuka suka sāke aunawa. A 2008 kuma ƙungiyar Save the Children ta gwada raba kuɗi ga gidaje mafiya talauci a Tasawa don ta ga ko yara za su murmure. Ashe ke nan ƙasar nan ba baƙuwar masu bincike ba ce: an auna gonarta, an ƙidaya itatuwanta, an ɗaura awo a damtsen 'ya'yanta. Abin da ta yi suna da shi a littattafai ke nan. Zuciyar mutumin da aka karɓe mabuɗin rumbu daga hannunsa, 'ya'yansa kuma suka tafi biɗa Kano ko Agadas ko Libiya, ba ta cikin abin da aka san ta da shi.

A Ibadan ne aka yi wannan tambaya da gaske, kuma tana da silsila. Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya da ya yi karatun zamani, shi ya fara a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda ya ƙi kulle marasa lafiya a bayan katanga, ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yarda ya yi aiki da masu maganin gargajiya, abin da takwarorinsa na Turai suka ɗauka bidi'a ce; daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Sa'an nan a 1992 Benjamin Osuntokun, masanin jijiya, da Hugh Hendrie na Amurka suka kafa wani bincike na kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis, Gureje yana cikin ayarin. Sakamakon da suka buga a 2001 ya ce a kowace shekara gigin tsufa yana kama kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan, a Indiyanafolis kuwa 3.24. Wannan ya yi wa mutane da yawa daɗi, domin ya dace da abin da muke so mu ji, watau tsohon Afirka yana cikin rufin asiri a tsakiyar danginsa.

Gureje bai tsaya a inda ake jin daɗi ba. A 2003 da 2004, shi da Lola Kola da sauran abokan aikinsa suka bi gida gida a jihohi takwas na masu jin Yarabanci, birni da ƙauye, suka zauna da mutum fiye da 2000 waɗanda suka kai shekara 65, suka tambaye su barcinsu da cinsu da ciwon gaɓoɓinsu da abin da ke ransu, sa'an nan suka yi ta komawa gare su shekara bayan shekara daga 2007 har 2009. Abin da suka buga a mujallar Lancet a 2007 ya girgiza masana: kashi 26.2 cikin ɗari na waɗannan tsofaffi sun taɓa faɗawa ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7.1 kuma a cikin shekarar da ta gabaci tambayar, adadin da ya shiga cikin mafiya yawa da aka taɓa samu a ko'ina. Mata sun fi maza, kuma daga cikin waɗanda ciwon ya taɓa kamawa, kashi 37 ne kaɗai suka sami wani magani ko da na gargajiya ne. Da aka ci gaba da bin su, sai ya bayyana cewa yankewa daga cuɗanya da mutane tana cikin abubuwan da ke gabatar ciwon damuwa da gigin tsufa duka biyu, kuma tsohuwar ƙauye ba ta tsira ba don tana ƙauye. A ganina wannan shi ne babban aikinsa, fiye da lambobin yabo da kujerun kwamiti: ya ɗauki wata magana da kowa ya sallama ba tare da dalili ba, ya kai ta gaban shaidu, ta kāsa tsayuwa.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Bayarabe ba Bahaushe ba ne, Oyo ba Maraɗi ba ce, kuma wanda ya kwashi adadin Ibadan ya ɗora wa Kanan Bakashe ta ƙasar Mayahi ko Urafan ta ƙasar Tasawa ya yi ƙiyasi ba da sharuɗɗansa ba. Abin da za a iya ɗauka shi ne tambayar da hanyar yin ta. Kuma duk wanda ya san zaman likitar ƙauye ya san yadda abin yake zuwa. Dattijo ya iso bisa amalanke, ɗansa ko jikansa na riƙe da shi, majo, watau ma'aikacin jinya, ya ce, “Baba, me ke damunka?” shi kuwa ya ce jikinsa ne duka, kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa, tuwo ba ya shiga. A gwada jininsa don zazzaɓin sauro, a auna hawan jini in ma'aunin na aiki, a ba shi farasitamol da maganin ƙarin jini, ya biya, ya koma. Ba wanda ya tambaye shi yaushe matarsa ta rasu, ko wata nawa rabon da ɗansa na Libiya ya kira, shi ma ba zai faɗa ba, domin an tarbiyyantar da shi a kan cewa ƙorafi ga babba raunin tawakkali ne, kuma ba ya so a ce ya kāsa haƙuri da ƙaddara. Haƙuri kuwa ibada ce, ba mai ja. Amma malaman Musulunci na farko ba su ɗauki jinyar baƙin ciki saɓa wa haƙuri ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan maslahar jiki da ta rai tare, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashi ko hasara, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da sababi na fili ba, ya ce na biyun yana da asali a jiki kuma yana buƙatar magani.

Gigin tsufa ya fi wannan muni, domin shi ba ya ɓoyuwa. Tsohuwa ta fara mance sunan jikokinta, ta sa gishiri a fura, ta fita da dare a tsince ta a bayan gari tana neman gidan ubanta wanda ya rushe tun kafin a haifi masu nemanta. In ta yi sa'a, a ce tsufa ne, a sa yarinya ta riƙa bin ta, a ɗaura wa ƙofa igiya. In ba ta yi sa'a ba, ga shi kuma an yi rashin yaro a unguwa, sai a fara raɗa, kalmar maita ta fito, ita kuwa da hankalinta ya riga ya gushe tana iya amsa duk abin da aka tuhume ta da shi. Alhali shari'a ta riga ta yanke hukunci a kan irinta: Alƙur'ani a surar Nahli da surar Hajji ya ambaci shekarun da mutum ke komawa bai san kome ba bayan ya sani, fiƙihu ya ɗauke taklifi daga wanda hankalinsa ya gushe, ikirarinsa ba hujja ba ne, kuma Risala, wadda ba garin da ba a karanta ta a ƙasar nan, ta wajabta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa matalauta. Nauyin jinya kuma kusan kullum a kan mace yake faɗawa, suruka ko 'yar da ta dawo zawarci, wadda ke da nata goyon da nata dakan. Ita ma mai jinyar tana buƙatar a tambaye ta lafiyarta.

To, ina ake kai mai taɓin hankali a Tasawa da Mayahi? Sashen da aka fi sani a ƙasar, wanda ake kira Pavillon E a babban asibitin Yamai, ya fi kilomita 700 daga Tasawa, likitocin ƙwaƙwalwa kuma 'yan ƙalilan ne a Nijar duka. Saboda haka ƙofar farko ita ce ta malam, da rubutu da tofi da ruƙiyya, ko ta boka, ko ta 'yan bori, waɗanda ƙasar Maraɗi ta daɗe da saninsu, har sarauta ta ba su shugaba, Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri. Jacqueline Monfouga-Nicolas, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta zauna da matan bori na kwarin Maraɗi ta buga littafi a kansu a Faris a 1972, inda ta nuna cewa girka, watau shigar da mutum bori, ko me mutum zai ce game da aƙidarta, tana ba macen da rayuwa ta ƙuntata wa jama'ar da za ta karɓe ta da matsayin da za ta tsaya a kai. Malamai sun yi hukuncinsu a kan bori tun zamanin Shehu, wa'azin shekarun bayan nan kuma ya tura shi bayan fage, ba kuma nufina in tayar da wannan mas'ala ba. Nufina shi ne, mai ciwo ba ya jiran a gama muhawara.

Nan ma Gureje ya bi sawun Lambo, amma da ma'aunin zamani. A wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, aka buga a Lancet a 2020, an haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci: mara lafiya yana nan a hannun mai maganinsa, ma'aikacin jinya yana ziyartarsa a can yana ba da ƙwaya, kowa ya san haddinsa. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi a fili. Ɗaure mutane da mari da makamantansa ya ragu ƙwarai, sai dai ya ragu a ɓangarorin gwajin biyu, abin da ke nuna cewa sa ido da 'yar horarwa kaɗai ma suna aiki. Shekara guda kafin wannan, wani gwajin nasa a ƙananan asibitocin Ibadan ya nuna cewa ma'aikatan da ba likitoci ba, in an horar da su da littafin jagora na mhGAP wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, suna iya jinyar ciwon damuwa, har wajen kashi uku cikin huɗu na marasa lafiya su warware cikin shekara. A Zimbabuwe kuma Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da fa'idar abin. Wannan na ƙarshe ya fi kama hankalina, saboda ya mai da tsohuwa mai ba da magani, kuma jihar da ta haifi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke taruwa mako mako a kan asusu, ba sai an koya mata tara mata a ƙarƙashin itace ba.

Me ya tare hanya, tun da hujja ta tsayu kuma abin ba mai tsada ba ne? Kuɗi na ciki, amma harshe ya fi. Gureje da Ingilishi yake rubutu, a mujallun da ake bugawa a Landan. Majo na Mayahi da Faransanci ya yi karatu, umarni kuma daga Yamai yake zuwa masa, Yamai kuwa ta fi jin abin da aka faɗa a Dakar, inda Henri Collomb ya kafa tasa makarantar a asibitin Fann, fiye da abin da aka faɗa a Ibadan. Littattafan Raynaut da na Monfouga-Nicolas, waɗanda daga bakin mutanen ƙasar nan aka ɗebo su, suna ɗakunan karatu na Faransa. Mara lafiya da mai jinyarsa da malamin da zai yi masa tofi kuwa, Hausa suke ji. Ga ilmi iri uku a kan mutum ɗaya, ba wanda ya gaisa da wani. Ni a ra'ayina, bisa ma'aunin zaure, ilmin Gureje ya kai Janiba, mazaunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya dawo cikin littafin jagora, amma bai sami almajirin da zai ɗauke shi ya sauka da shi tashar Tasawa ba. Wannan kuwa ba aibinsa ba ne, farilla ce ta kifaya da ke kan 'ya'yan ƙasa, musamman yanzu da Maraɗi ke da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai sashen koyon likita, inda ɗalibai da yawa kakanninsu na cikin waɗannan ƙauyuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin ba ƙarami ba ne, kuma ba a yinsa da gaggawa. Tambayoyin tantance gigin tsufa da aka tsara don wanda ya yi boko ba su da amfani ga wanda bai taɓa riƙe fensir ba. Sai an sāke su, a tambayi mutum ranar kasuwar garinsu, da sunan mai gari, da watan da ake ciki a lissafin Musulunci, da jerin salloli. Ƙwayar amitiriftilin, wadda ita ce mai araha, tana iya sa tsoho jiri da faɗuwa da riƙewar fitsari, tana kuma taɓa bugun zuciya, don haka ba a ba da ita sai da taka-tsantsan da ƙaramin awo. Kai, ko shekarun mutum ma sai an yi ijtihadi, domin mafi yawan tsofaffin nan ba su da takardar haihuwa, katinsu cewa ya yi an haife su wajen shekara kaza. Mutanen Ibadan sun gamu da wannan, sai Adesola Ogunniyi da Osuntokun suka jarraba hanyar ƙiyasta shekaru da jerin manyan abubuwan tarihi, suka tabbatar da ingancinta a 1993. Wanda zai yi aikin a Tasawa da Mayahi sai ya zauna da dattawa ya tsara nasa jerin: samun mulkin kai a 1960, rikicin Sawaba na 1964, juyin mulkin Seyni Kountché a watan Afrilu na 1974, El Buhari, da mutuwar sarakuna da naɗin hakimai na kowace gunduma. Ga namiji a tambaye shi ko ya fara biyan haraji a lokacin. Ga mace kuwa a tambaye ta ko an kai ta ɗaki, in an kai ta kuma, goyon wa take yi.